Wanda Ke Tsaye Ya Raka Na Ƙasa

Yaran yanzu ba sa tsoron jan kati. Wannan ne abu na farko da Kafinta ya gane bayan ya karɓi usur ya zama alƙalin wasan ƙwallon yaran unguwa. Ka ɗaga wa yaro jan kati, sai ya fita yana murmushi, ya zauna a inuwa, ya cire takalmi ya sha iska, alhali wanda ya shura yana can yana birgima a ƙasa. Wannan ba horo ba ne, hutu ne.

Kafinta mutum ne da ba ya son karkataccen abu. A shagonsa, in ƙafar kujera ta fi 'yar'uwarta tsawo da kaurin farce, sai ya kwance kujerar gaba ɗaya ya sake, ko da mai ita yana tsaye yana rantsuwa shi bai ga komai ba. Shi ya yanka turakun raga na filin da ke bayan makarantar firamare, shi ya shafa musu farin fenti. Duk Asabar da hantsi yakan rufe shago, ya kakkaɓe garin katako daga kansa, ya sa gajeren baƙin wando da ke tona asirin siraran ƙafafunsa. Yara suna ce masa Baba Rafali. Manya ma haka suke ce masa, sai dai su da dariya a ciki.

Wata Asabar da aka taɗe wani yaro har sai da aka fitar da shi a hannu, Baba Rafali ya tara ƙungiyoyin biyu a tsakiyar fili.

"Daga yau," ya ce, "duk wanda ya ji wa ɗan wani ciwo, ba kati zan ba shi ba. Shi zai riƙe shi ya kai shi gida, ya yi sallama, ya tsaya gaban uwarsa ya ce mata, ni ne na yi. Wanda ke tsaye ya raka na ƙasa. Kun ji?"

"Mun ji, Baba Rafali."

"Ko ɗan waye."

Wani ɗan firit mai bakin tsiya da ake kira Barkono ya ɗaga hannu. "To in uwar ba ta nan fa?"

"Ka zauna ka jira ta."

Dokar ta yi aiki, kuma ba ni da abin da zan soke ta da shi. Yaron da bai san kunyar uwar wani ba, bai san komai ba. Na farkon da ya yi rakiya ya dawo da kunne ɗaya ya fi ɗaya girma. Na biyu an sa shi wanke-wanken gidan duka, tunda wanda ke yi yana kwance da kumburarriyar gwiwa. Kafin a ankara ƙeta ta ragu a fili. Wani tsohon direban babbar mota da ke zuwa kallo da kujerarsa ta roba, wanda bai taɓa yabon kowa ba tun da ya ajiye tuƙi, har ya ce, "Kai, Rafali, ashe ba garin katako ba ne kawai a kanka."

Baba Rafali ya ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Yana da ɗa a cikin masu wasan, autansa. Auta ƙarami ne a jiki, kuma ba ya magana. A gida kalmominsa biyu ne, "to" da "a'a", wani lokaci ma kai kawai yake kaɗawa. Malamar ajinsu ta taɓa aiko wa a kai shi a duba masa kunne. Amma da zarar ya taka fili sai ya zama wani yaro dabam. Za ka ji shi tun daga titi: "Ba ni! Nan! Koma baya, kai, ba ka gani ne?" A filin nan uban ya fara jin cikakkiyar muryar ɗansa, kuma in za a faɗi gaskiya, saboda ya riƙa jin muryar nan ya karɓi usur tun farko.

To, ƙeta ta ragu a kan kowa ban da Auta. Duk Asabar sai an kai shi ƙasa. Baba Rafali kuwa, don kada a ce yana son kai, in ɗan wani ya faɗi sai ya busa usur kamar zai fasa shi, in nasa ne sai ya tsaya ya ce, "Tashi mana, ai kai namiji ne." Sai in ya kasa tashi sannan ya nuna wa mai laifi hanya. Ba ya bin su, domin akwai wasa na biyu na manyan yara, daga nan ya wuce shago sai yamma. A gida kuma ya kafa wata dokar: ba a kawo masa ƙarar fili a ɗaki. Mutum mai dokoki da yawa, su ne ke toshe masa kunne.

Wata Juma'a da la'asar yana goge ƙofar wani kabad, sai Auta ya shigo shagon. Ya ɗora takalman ƙwallonsa a kan teburin aiki, tsakanin guduma da gwangwanin ƙusa, ya ɗaure igiyoyinsu wuri guda.

"Na bari," ya ce.

"Ka bar me?"

Auta ya nuna takalman da haɓa.

"Saboda me?"

Uban ya ajiye abin da ke hannunsa, ya durƙusa ya ɗage masa wando. Ƙwaurin yaron kamar ayabar da ta kwana a ƙasan kwando, nan baƙi, nan kore, nan ja. Baba Rafali ya daɗe yana kallo. Ya san in takalman nan suka kwana a shago, yaron ya koma "to" da "a'a" ke nan, wataƙila har ya yi gemu.

"Ka ba ni gobe," ya ce. "Gobe kawai."

Auta ya ɗauki takalman ya fita, bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Washegari Baba Rafali ya sa wa ɗansa ido. Ana cikin wasa, ƙwallo tana can wajen ragar gabas, sai ya ji gardama a bayansa. Barkono ne da wani ƙaton yaro da ake kira Tirela, wanda shekarunsa goma sha biyu amma takalminsa ya shiga ƙafar Baba Rafali ya yi saura.

"Yau ni ne," in ji Barkono.

"Kai ka yi wancan makon."

"Ƙarya kake, ɗan tela ne ya yi. Ni rakiya kawai na yi."

"To yi sauri, yunwa nake ji."

Barkono ya ruga, ya bar inda ƙwallo take, ya je har inda Auta ke tsaye shi kaɗai yana gyara safa, ya ɗirka masa shuri a ƙwauri. Kafin ma a busa usur ya ɗaga hannu sama. "Ni ne, Baba Rafali! Ni zan raka shi!"

"Bari in taya shi," Tirela ya ce. "Yaron nan yana da nauyi."

Baba Rafali ya bar su suka fita. Ya cire usur daga wuya ya miƙa wa Tsohon Direba ya ce ya riƙe masa wasan, cikinsa ne ya murɗa. Ya bi su daga nesa, yana laɓewa bayan motocin da aka ajiye a gefen titi, babban mutum da gajeren wando. Su biyun sun saka Auta a tsakiya, hirarsu kawai suke yi ta saman kansa kamar sun ɗauko buhu.

"Allah ya sa akwai mai madarar nan," in ji Tirela.

"Akwai. Na ga Maman Auta jiya a kanti ta sayi babban kwali."

"Ni fa sau ɗaya na yi kuskure na taɗe ɗan mai gyaran babur. Uwarsa ta sa ni kamun kunne har ƙafata ta mutu."

"Ai gara ita. Gidanku fa? Wallahi ko ƙwallo ba na ƙwacewa a ƙafarka. In na ga ka taho, matsawa nake yi."

"Kai, iyawa ce."

"Iyawar me? Uwarka muke tsoro."

A nan Baba Rafali ya fahimci dalilin da ya sa Tirela ke cin ƙwallo uku-uku a kwanakin nan, har Tsohon Direba ya fara cewa yaron nan ƙasar waje ce makomarsa. Uwar Tirela nas ce a asibitin yara. Babu yaro a unguwar da bai taɓa kwanciya rub da ciki a gabanta ba tana cika sirinji. Sista Mai Allura suke ce mata, kuma ba sa faɗa da ƙarfi.

Da suka shiga gidansa, Baba Rafali ya zagaya ta lungu ya tsaya jikin tagar falo, inda labule bai rufe ba. Barkono ya tsaya gaban Maman Auta, ya sunkuyar da kai, ya marairaice murya.

"Mama, ni ne na yi."

"Ayya," ta ce. "Allah ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiya. Ai wasa ya gaji haka. Kada ka yi kuka, ka ji?"

Ba shi da niyyar kuka. Ta zaunar da Auta a kan tabarma ta shafa masa man zafi, sannan ta buɗe firji. Lemo mai sanyi kwalba biyu, biskit cike da faranti, burodi da bota. Ta kunna musu fanka, ta kunna talabijin. Tirela ya miƙe ƙafa a kan kujerar Baba Rafali, kujerar da ya ƙera da hannunsa, wadda ko manyan 'ya'yansa ba sa zama a kai, ya ce, "Mama, a ɗan ƙara sauti." Auta yana ƙasa yana kallon bango. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baba Rafali ya kama ƙarfen taga zai yi tsawa, sai ya tuna. In ya shiga yanzu, kafin azahar duk unguwa ta ji cewa dokarsa ta zama hanyar cin biskit, kuma a gidansa. Tsohon Direba zai riƙa ba da labarin har ranar da za a kai ɗayansu kabari. Sai ya haɗiye tsawar, ya tsaya a lungu cikin warin kwata har suka cinye suka yi godiya suka tafi. Girman kai haka yake sa mutum.

"Tun yaushe ake wannan?" ya ce yana shiga.

Maman Auta ta dafe ƙirji. "Baban Auta! Lafiya ka dawo yanzu?"

"Na ce tun yaushe kike ciyar da masu karya miki ɗa?"

"Wane irin karya? Yaro ya shigo gidana da ƙafarsa ya ce ni ne na yi, in kore shi? Ba kai ka ce ana koya musu gaskiya ba?"

"Layi suke bi! Rabon kwana suka yi a kan ƙwaurin ɗanki kamar masu ɗiban ruwa a famfo!"

Ya kwashe abin da ya ji ya faɗa mata. Ta zauna a hannun kujera, ta dubi Auta, idonta ya kawo ruwa. "Auta, gaskiya ne?" Ya kaɗa kai. "Shi ne ba ka faɗa mini ba?" Ya dubi ubansa, ya mayar da ido bango.

"To wallahi su dawo," ta ce. "Za su ga abin da ba su taɓa gani ba."

"Gwada in gani. Ga kujera nan, ita ce Barkono."

Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta ɗaure fuska iya ƙarfinta, ta nuna kujerar da yatsa. "Kai! Kai yaron nan! Ba ka da tausayi ne? Ɗan'uwanka ne fa. In aka yi maka haka za ka ji daɗi? Dubi yadda ka rame ma. Ka karya kuwa da safe?"

Baba Rafali ya juya ya fita.

Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake. Ya tara yaran ya ce na gane ku, ya kira iyayensu, ya sha dariyar da za a yi masa. Amma shi kafinta ne, kuma kafinta in abu ya dame shi katako yake nema. Ya koma shago ya zaro ragowar wata tsohuwar ƙofa, irin katakon da ke lanƙwasa ƙusa. Ya yanka guda biyu daidai tsawon ƙwaurin Auta, ya rarake cikinsu, ya goge su sumul, ya liƙa soson kujera ta ciki, ya ɗaura musu roba. Aiki ne mai kyau. Ban taɓa cewa bai iya aikinsa ba.

Da Asabar ta zagayo ya kira Auta bayan shago ya ɗaura masa, ya ja dogayen safa ya rufe.

"Yi tafiya in gani."

Auta ya yi taku kaɗan kamar agwagwa.

"Za ka saba. Yau kaɗai. In an sake kai ka ƙasa, ni da kaina zan rataye takalman."

Auta ya dube shi irin kallon da yaro ke yi wa babban da ya riga ya ce "gobe kawai" sau ɗaya, amma ya bi shi fili.

Ba a daɗe da farawa ba Tirela ya fara zagaye shi. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ja da baya don ya samu gudu, domin yaro ne da ba ya yin abu rabi-rabi in akwai abinci a ƙarshensa. Ya taho ya saki ƙafa.

Ƙarar da aka ji irin ta mai ƙwanƙwasa ƙofa ce da gaggawa. Auta ya yi tangaɗi ya tsaya. Tirela kuwa ya tsaya da ƙafa ɗaya, bakinsa a buɗe babu sauti, sannan ya zube kamar an sauke yashi, ya riƙe takalmi ya ƙwala ihu. "Wayyo yatsana! Wayyo Allah, ƙarfe ne a ƙafarsa!"

Baba Rafali ya busa usur ya nuna Tirela. "Ƙeta. Shi ya kai shuri."

"Tsaya, Rafali," in ji Tsohon Direba daga kujerarsa. "Wa ke ƙasa?"

"Na ce shi ya kai shuri."

"Ban tambaye ka wa ya kai ba. Ni da kunnena na ji ka ce wanda ke tsaye ya raka na ƙasa. Ga na tsaye, ga na ƙasa. Ko idona ne ya tsufa?"

"Wannan dabam ne."

"Dabam ne don naka ne?"

Barkono, wanda ba a rasa shi wajen ɓarna, ya ɗaga murya. "Ko ɗan waye!" Sauran suka amsa gaba ɗaya, har da masu jiran wasa na biyu. "Ko ɗan waye! Ko ɗan waye!"

Wanda zai haƙa ramin mugunta an ce ya haƙa gajere. Baba Rafali ya dubi ɗansa, ya dubi jama'a.

"Auta," ya ce, "kai shi gida."

Sai a lokacin Tirela ya daina kukan yatsa ya fara wani kukan. "Wane gida? A'a! Baba Rafali, na warke, wallahi na warke. To a kai ni gidan su Auta. Don Allah a kai ni gidan su Auta!"

Haka aka tafi. Auta a gaba, Tirela ya rataya a kafaɗarsa yana tsalle da ƙafa ɗaya, kamar akuya ta ɗauko saniya. Baba Rafali a baya. Bayansa Tsohon Direba da kujerarsa a hannu, bayan Direba kuma duk wanda ke fili, domin babu wanda zai tsaya buga ƙwallo alhali ana kai mutum gidan Sista.

Gidan a hawa na biyu yake. Tun daga matakala ake jin warin maganin asibiti. 'Yan rakiya suka tsaya a ƙasa, ba wanda ya yarda ya taka ko ɗaya. Sista tana baranda tana goge farar rigar aikinta, wata kuma tana shanye a igiya. Mace ce gajera, ba ta kai ɗanta tsawo ba. Ta dubi Tirela, ta dubi Auta, ta dubi gajeren wandon Baba Rafali, ta kafa dutsen guga a tsaye.

"Wa ya yi?"

"Sista, abin da ya faru shi ne," Baba Rafali ya fara.

"Ba da kai nake ba, Malam Kafinta. An ce mini dokarka yaro ne ke magana."

Ta zuba wa Auta ido. Uban ya rufe ido, domin ya san abin da zai biyo baya: shiru, da kallon bango, ga rabin unguwa a ƙasa sun ɗaga kai.

"Ni ne na yi," in ji Auta.

"Kai? Da me? Da guduma?"

Auta ya sunkuya ya naɗe safa. Sista ta durƙusa, ta ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ta saurari ƙararsa.

"Wannan ƙofar wane gida ce?"

Ta kwance robar da kanta ta ajiye katakon a gefe. Da ta ga abin da ke ƙarƙashi sai fuskarta ta sauya. Ta juya ƙafar wajen haske, ta danna nan, ta danna can.

"Wannan na makon jiya ne. Wannan ya fi shi daɗewa. Wannan ma. Yaro, wa ke yi maka haka?"

Ban san abin da ya shiga Auta ba. Wataƙila dai ba a taɓa tambayarsa a tsaya jiran amsa ba. Ya buɗe baki, kuma ba muryar gida ce ta fito ba, ta fili ce, wadda ake ji daga titi.

"Wannan Barkono ne. Wannan ɗan tela. Wannan da wannan da na bayan nan Tirela ne, shi ya fi kowa, don shi ya fi son biskit mai madara. Layi suke bi. In sun shure ni sai su kai ni gida Mama ta ba su lemo ta kunna musu fanka. Ni man zafi ake ba ni. Har 'yan ƙungiyarmu ma suna yi. Rannan golanmu ne ya baro raga ya zo ya yi. Kuma kowa yana matsa wa Tirela hanya don ke suke tsoro, ba iyawa ba ce, ko juyawa bai iya ba. Kuma Baba yana gani. In na faɗi sai ya ce in tashi ni namiji ne. In ɗan wani ne sai ya busa."

Daga ƙasa aka ji takun gudu. Barkono ne ya tuna an aike shi.

Sista ta miƙe a hankali ta juya ga ɗanta. "Biskit?"

"Umma, yatsana."

"Za mu zo kan yatsa. A gidan nan ba a ba ka abinci ne, da za ka je kana fasa ƙafar ɗan mutane don biskit? Zauna." Ta cire masa takalmi ta duba. "Bai karye ba. Farce ne ya ɗaga. Kawo mini aidin da auduga a saman firji. Da ƙafarka za ka je, ai da ita ka yi aikin."

Tirela ya tafi yana ɗingishi yana shessheƙa tun kafin aidin ya taɓa shi.

"Kai kuma, Malam Kafinta," ta ce. "An ba ka usur, ka je ka ɗauko zarto. Yau farce ne, gobe in ƙashi ne fa? Ka ga ƙafar ɗanka haka, maimakon ka hana duka sai ka yi masa ƙyaure?"

"Na yi ne don kada a ce ina son kai."

"Ai ga shi ba a ce ba. Ka ji daɗi?"

Daga ƙasa Tsohon Direba ya ce, "Ƙara masa, Sista, muna ji."

"Kai ma da kake zaune kana kallo duk mako, ka hau in duba maka jini."

Direba ya ɗauki kujerarsa.

Sista ta wanke wa Auta ƙwauri, ta naɗa masa bandeji, hannunta ba nauyi ko kaɗan, abin da in aka faɗa wa yaran unguwa ba za su yarda ba. Sannan ta leƙa ta baranda ta yi magana yadda na ƙasa za su ji.

"Dokar tana nan. Amma daga yau duk wanda aka ji wa ciwo, ko ɗan wace ce, nan za a kawo shi. Ni ke da magani. Wanda ya kawo shi kuma ya tsaya, ina da magana da shi."

Kafin ta rufe baki titin ya zama babu kowa.

A hanyar gida Baba Rafali yana riƙe da katakan biyu, ya rasa inda zai sa su. Da suka yi nisa ya yi gyaran murya.

"Takalman fa? Rataye su za a yi?"

Auta ya yi tafiya kaɗan kafin ya amsa. "Ba na son katako."

"Babu katako."

"Kuma in an shure ni ka busa. Kamar na kowa."

"Zan busa."

"Da ƙarfi."

Baba Rafali ya ga maganar ta fara yawa ga yaro da ubansa, ya buɗe baki zai tsawatar, sai ya rufe. "Da ƙarfi," ya ce.

An yi masa dariya, ba a fasa ba. Har yau in ya wuce majalisar masu gyaran taya sai wani ya ƙwanƙwasa benci ya ce, "Rafali, akwai mutane a ciki?" Ya cancanci hakan, kuma ya sani, shi ya sa ba ya tankawa. Tirela bai sake cin ƙwallo uku a wasa ɗaya ba, maganar ƙasar waje kuma ta mutu.

Da ƙafar Auta ta warware ya dawo fili, an yi ruwa da asuba, ciyawa tana santsi. Barkono aka sa ya tsare shi. Ana cikin gudu Auta ya zame da kansa ya faɗi, babu wanda ya taɓa shi. Baba Rafali ya cika kumatu ya busa usur har tsuntsaye suka tashi daga rufin makaranta. Barkono ya watsa hannuwa sama, idonsa kamar zai faɗo.

"Wallahi ban taɓa shi ba! Baba Rafali, kai shaida ne! Direba, ka gani ai!" Ya ruga ya ɗaga Auta, yana kakkaɓe masa riga, yana share masa gwiwa da tafin hannu. "Ba ka ji ciwo ba ko? Ce ba ka ji ba. Taka in gani. Don girman Allah taka."

"Sake ni, dalla!" Auta ya daka masa tsawa. Ya juya ga ubansa. "Baba, me ka busa? Santsi ne! Ga ƙwallo a ƙafarmu ka tsayar mana da wasa!"